Yatsan da Ka Dangwala a Panya

Jibiya, bakin iyaka
Watan Safar, 1956

Zuwa ga sanyin idona Ɗantala, ruwan randata a tsakiyar bazara, gawon da nake fakewa a inuwarsa, zumata mai harbi! Ina gaishe ka da kyau, amma ka sani raina a ɓace yake.

Jiya motar Katsina ta sauke Lawal, abokin tafiyarka, shi kaɗai da akwatinsa. Na bar tuwon sayarwa a kan wuta na ruga, ina leƙen bayan mota kamar zautacciya. Shi ya kwashe labari ya gaya mini. Shekara biyun da kuka ɗauka ta aikin gonar koko a tsibirin Panya ta cika, aka kawo takarda da Sifaniyanci, harshen Turawan can. Tafinta ya ce ta jirgin komawa gida ce. Lawal ya karanta, ya ga sabon alkawari ne, ya ƙi. Ya garzayo ya hana ka, ashe tun da safe ka riga ka dangwala yatsa. Wasu shekara biyu!

Haba Ɗantala! Kai? Kai da ka shekara biyar kana tafinta a bakin iyakar nan tsakanin fatake da jandarmomin Faransa? Ka manta yammacin da muka zauna gindin tsamiya, kana wasa da gefen mayafina, kana ƙyalƙyala dariya kana ba ni labarin yadda kake rage magana ka ƙara mata gishiri, Bature bai sani ba, bafatake bai sani ba? Wa ya fi ka sanin abin da tafinta ke yi da wanda ba ya ji?

Lawal ɗin da kake yi wa ba'a, kullum yana wurin kukun Bature yana tsintar kalma ɗaya ɗaya, har ya kai ga karatu. Da harshen nan ya nuna wa likita inda ke masa ciwo, da shi ya yi musu a ofis, da shi ya dawo wa uwarsa. Kai kuwa wai ka girmi zama ɗan koyo, wai baƙo ne kai, gobe za ka tafi. To, ga goben nan!

Hasken zuciyata, don girman Allah ka sauke girman kan nan. Ba na son zanen Panya, ba na son turarensu. Ka durƙusa gaban duk wanda ya iya, ko ya raina ka, har ranar da za ka tsaya gaban Baturen gona ba kowa a tsakani, ka duba takardarsa da idonka, ka ce masa a'a da harshensa.

Ni bazawara ce, masu so na sallama a ƙofar gida, ba kuma mai hana ni. Na so in tsorata ka, in ce zan amsa wa ɗaya. Na gwada, hannuna ya ƙi rubutawa. Zan jira ka shekara biyun nan. In ma ka sake dangwalawa zan jira, kuma wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Taka, har ƙasa ta rufe idona,
Hajo