Ran Lahadi Zan Zauna a Wurinki

Zuwa ga Uwar Rahila, wadda ta riga ni isa gida,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga mijinki Dauda, mai gyaran keke a Sabonjida. Bayan gaisuwa, ina so ki fara sanin cewa wannan rubutun hannuna ne, ba wanda na roƙa ya rubuta mini. Kin bar ni ina dangwala yatsa a takarda, yau ga ni riƙe da alƙalami. In kin ga baƙaƙen sun karkace ki yi haƙuri, rabi tsufa ne, rabi murna.

Albishirinki. Na san da kina nan da kin ce goro fari tun ban rufe baki ba. Rahila ta sauka lafiya, an sami mace. Duk shekarun nan da muka yi muna jira, har kika tafi ba ki gani ba, ga shi Allah ya kawo. Ina tsugune ina cire ƙafar keken wani akawu labarin ya same ni. Na bar keken a kife, na kama hanya da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Mahautan bakin kasuwa har yau suna tsokanata, wai ba su taɓa ganin tsohon soja ya gudu haka ba sai in ana harbi.

Sunanki aka sa mata. Saboda haka uwarta ba ta iya kiran sunan, Inna Ƙarama ake ce mata. Ni kuwa amaryata nake cewa, kamar yadda kakanni suke yi. Tana da goshinki. Tana kuma da wannan ɗaure fuskar da kike yi in na shigo gida da baƙin mai a riga.

To, ai ya kamata in zauna in ci tuwona cikin kwanciyar rai. Amma tun ranar suna na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a rumfa sai in tashi, in na tashi sai in rasa inda za ni. Jiya na ɗaura wa wani yaro sarƙar keke a baibai. Shi ya sa na ce bari in gaya miki, don ke kaɗai ce kike barina in yi magana har ta ƙare.

Kin san ɗan ɗakin sujadarmu na ƙasa da ke hanyar Gumani. Bayan rasuwarki aka mayar da fasto kudu, ba a aiko wani ba. Baturiyar mishan ce ta riƙe mu, tana wa'azi da Turanci, Rahila tana tsaye gefenta tana juya mana da Hausa da Dagbani, harshen Dagomba masu garin. Da baturiyar ta koma ƙasarsu, sai wurin ya zama ba kowa. Ran Lahadi ta farko muka zauna muna kallon juna. Rahila ta tashi ta karanta mana Littafi, ta ɗan yi bayani, ta zauna. Lahadi ta biyu ma haka. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya hana ta. Mutane suka riƙa ƙaruwa har muka ƙara benci.

Yanzu babban Bature na mishan zai zo ran Lahadi mai zuwa ya ɗora wa mutum ɗaya hannu, ya zama shi ne mai kula da mu. Malam Yakubu, babban dattijonmu, ya riga ya yi dabara. Wai a ɗora wa Iliya, mijin Rahila. Ita ta shirya wa'azin a gida, ta koya masa, shi ya tsaya gaba ya faɗa. Ita kuwa a bar mata mata da yara, ta koyar da su a gefensu bayan an tashi.

Kin san Iliya. Tela ne mai hannu, mutumin kirki, ban taɓa jin ya ɗaga wa 'yarmu murya ba. Amma in mutum uku suka zuba masa ido sai harshensa ya ɗaure.

Ranar suna Malam Yakubu ya ce a gwada shi. Maza muna zaune kan tabarmi a ƙofar ɗaki da hantsi, har da maƙwabtanmu Musulmi da suka kawo goro, suka zo taya mu murna kamar yadda muke zuwa nasu. Aka miƙo jaririya, aka ce uba ya yi addu'a. Iliya ya ce ya Ubanmu, ya sake cewa ya Ubanmu, shi ke nan. Gumi ya keto masa. Har kukan zabi daga bayan gida muna ji.

Sai ga murya ƙasa-ƙasa daga bayan asabari. Rahila ce daga kan gadon jego take ba shi kalma, shi yana maimaitawa. Da farko a hankali. Da ta zo kan sunanki, tana gode wa Allah da ya mayar mana da shi cikin gida, sai ta manta da kanta. Muryarta ta tashi, Iliya ya sunkuyar da kai, ita ta kai addu'ar har ƙarshe. Duk mazan nan suka ce amin. Tsohon nan mai sayar da fata na unguwar Moshi Zongo ya fi kowa ɗaga murya, har yana shafa fuska.

Malam Yakubu bai ce amin ba. Da aka watse ya ja ni gefe, ya ce abin da yake gudu ke nan, mace ta yi wa maza limanci a gaban baƙi. Ya ce Littafi ya hana, kuma gobe duk zango za a ce cocinmu mace ce limaminsa.

Kada ki ɗauka mugu ne. Shi ya ɗauki gaban makararki. Tsoron Allah ne yake damunsa, da tsoron bakin mutane, ban dai san wanne ya fi yawa ba.

Iliya da kansa ya same ni a rumfa washegari. Ya ce, Baba, ni tela ne, in rigar fasto ake so zan ɗinka, amma kada a sa mini.

Abin da ya hana ni sukuni dai daga wajen Rahila ya fito. Na shiga ganin amaryata, sai Rahila ta ce, Baba, yanzu kana karatu da kanka. Ka buɗe Littafin ka duba. Da Malam Yakubu zan iya gardama, da kai ba zan iya ba. In ka ce mini Allah ne ya hana, na yi shiru har kabari.

Kin san 'yarki, in ta ce har kabari, har kabari ne. Ko matan da yaran ba za su sake jin bakinta ba. Kuma ni ta ɗora wa wannan kayan, ni da ban daɗe da iya raba baƙin “ba” da baƙin “ɗa” ba.

Na buɗe. Ba zan ɓoye miki ba, abin da Malam Yakubu ya faɗa yana ciki. Manzo Bulus ya rubuta wa wata ikilisiya cewa mata su yi shiru a taro. Ya kuma rubuta wa almajirinsa cewa bai yarda mace ta koyar da namiji ba. Na bi da yatsa baƙi bayan baƙi, ko zan ga na yi kuskure. Ban yi ba.

Sai na tsaya ina kallon yatsan nawa. Wa ya koya masa bin layi? Da gwamnati ta buɗe makarantar yamma ta manya, Rahila aka ba ajinmu. Mu tsofaffi, masu furfura, har da wani mai unguwa, muna zaune kan benci muna maimaita abin da ta faɗa. Ita ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake riƙe alli. Ranar da na fara rubuta sunana ta juya baya don kada in ga hawayenta. Ashe da mace ba ta koyar da ni ba, ko wurin da aka ce kada mace ta koyar ba zan iya karantawa ba. Uwar Rahila, yaya zan yi da wannan?

Na ci gaba da buɗawa, sai abin ya ƙara rikice mini. Shi Bulus ɗin dai, a wata wasiƙar yana gai da wata mace yana kiranta ma'aikaciyar ikilisiya, yana cewa a karɓe ta da daraja. Ga wata mata da mijinta sun zaunar da babban mai wa'azi sun gyara masa karatu. Ga wata a zamanin da tana zaune gindin itace tana yi wa al'umma shari'a, har sarkin yaƙi ya ƙi fita sai da ita. Kuma ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu, wa ya fara aika da labarin? Mata ne, mazan suna ɗaki a kulle.

Na kai wa Malam Yakubu waɗannan. Ya ce manzanni goma sha biyu duk maza ne. Na ce haka ne, kuma duk Yahudawa ne, babu Bahaushe, babu Badagombe, to mu ma mu koma gefe? Ya ce ina wasa da abin da ba na wasa ba. Na tambaye shi baturiyar nan da ta yi shekara da shekaru tana tsaye gabanmu, namiji ce? Ya ce ita daban ce. Na ce da me? Ya gyara hula ya ce rana ta yi, zai je gona.

Ban ci gardamar ba, kada ki zaci na ci. Na dawo gida da tambayoyin da suka fi waɗanda na fita da su. Shin Bulus da wasu mata masu surutu na wani gari yake, ko da dukan mata har abada? In da duka yake, me ya sa yake gai da waɗancan? In kuwa ba da duka ba, wa ya ba ni iko in zaɓa? Ina tsoron in ce wa Rahila ci gaba, ranar ƙarshe a ce na tura 'yata ga saɓo. Na fi tsoron in ce mata yi shiru, a tambaye ni wa ya aike ni in toshe rijiyar da ba ni na haƙa ba.

Duk inda na juya sai in dawo kanki. Kin tuna yadda na dawo daga yaƙin Bama, mutum a waje, kango a ciki? Ba na magana, sai gidan giyar fito. Ba fasto ne ya nemo ni ba. Ke ce, kina suyar ƙosai a ƙofar gida, ni ina zaune kamar dutse, kina ba ni labarin yaron da ya bar gidan ubansa ya lalace, uban ya hango shi daga nesa ya sheƙo da gudu. Ba ki san ko baƙi ɗaya ba, da ka kika riƙe shi. Kika yi ta maimaita mini har wata rana na tambaye ki ko uban ya yi masa faɗa daga baya. Kika ce a'a. A ranar na bi ki sujada.

Na taɓa ce miki abin kunya ne a ce mace ce ta kawo soja ga Allah. Kika ce mai ƙishirwa ba ya tambayar wa ya ɗauko tulu. Na yi dariya a lokacin. Yanzu maganar ta hana ni zama.

Na san ba za a ɗora wa Rahila hannu ran Lahadi ba. Baturen ba zai yi ba, ko a ƙasarsu ban ji suna yi ba. Ana ta maganar mulkin kai a gari, wataƙila Inna Ƙarama za ta ga abubuwan da mu ba mu gani ba. Wannan ba a hannuna yake ba.

Abin da yake hannuna shi ne amsar da zan ba ta, kuma na ba ta yau da safe. Na ce na ga wurin da ya ce a yi shiru, na ga wuraren da aka aiki mata su yi magana, ilimina bai kai in ɗaure su wuri ɗaya ba. Amma bakina ba zai ce Allah ya hana ki ba, don ban tabbata ba, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya don in huta ba. Sai ta miƙo mini jaririyar.

In aka kira dattawa mu ɗora wa Iliya hannu, nawa hannun zai tsaya a aljihu. Zan faɗa a gaban Baturen cewa muryar ta matarsa ce, kada a sa bawan Allah ya yi ta aron baki duk Lahadi. In sun ce Rahila ta koyar da mata da yara kawai, na yarda, dattawa sun yanke.

Sai dai ni ma zan tashi daga bencin maza. Wurinki yana nan a gefen mata, kusa da taga, inda kike jingina saboda bayanki. Tun da kika tafi ba wadda ta zauna a wurin. Zan sa rigata ta soja da lambobina, in ɗauki amaryata, in ƙetare tsakiyar ɗakin a gaban kowa in zauna nan. An ce mata da yara, to ni mai riƙon yarinya ne. Za a yi dariya, na sani, mahauta za su sami abin tsokana na watanni. Gabana yana faɗuwa tun yanzu, fiye da ranar da aka sa mu a jirgin ruwa zuwa Bama.

Ya Allah, in na karanta daidai, ka ƙarfafa gwiwata. In na karanta ba daidai ba, ka ɗora laifin a kaina, ka bar yarinyar, ni ta tambaya. Ka sanyaya zuciyar Malam Yakubu, kada mu rabu a kan wannan. Ka raya Inna Ƙarama, ka ba ta bakin uwarta da haƙurin kakarta. Ka ƙara wa Uwar Rahila hutu a wurinka har in iso. Amin.

Ki ɗan matsa mini ran Lahadi, kin san ƙafata ta hagu ba ta lanƙwasuwa.

Ni ne mijinki,
Dauda, kakan Inna Ƙarama
Sabonjida, Tamale