Sun Rufe Masaukin Bakin Hanya

Daren Laraba, Bodinga, gab da faɗuwar damina

Yau 'yan doka suka garƙame masaukinmu. Mai gidan ya tsere tun jiya, sai ni mai gadi aka tarar.

A gabana aka kafa wurin nan. Rumfar shayi ce ta direbobin hanyar Shagari, ta zama ɗakunan laka, aka yi rufin kwano. Da aka samu mulkin kai, manya suka gano ɗakin baya, karta ta koma caca. Ni da na yi makarantar Midil, abokan karatuna suna ofis a Kaduna, na ƙare da cika butoci.

Ba rufewar ce ta ƙona mini rai ba. Wakilin hakimi ne, da ya tsaya gaban jama'a yana cewa gidan nan ko salla ba a yi. Shi fa! Duk magariba sai shi da abokan cacarsa sun kife karta, ya ce, "Malam, shige gaba, kai ka da karatu." A bayana yake tsayawa, yana tari in na ja sura mai tsawo.

Da mutane suka watse, ya matso yana raɗa: "Tsoho, riƙe bakinka gaban alƙali, in samo maka ɗaki can garin Lambara."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗakin yana zuba?"

Ya ce ba ya zuba.

Abin da na iya tambaya ke nan. Tir da tsufa! Gobe zan ce ban san kowa ba.