Uwar Kalangan Ila Tana Rataye a Bangon Ofishinku

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin shirya babban baje kolin kayan sana'a da ake yi a birni kowace shekara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na kwamiti.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen Tozai, mazaunin Isa tun da zaman ƙauye ya gagare mu. Na yi karatu lokacin da karatu ke da daraja, na koyar har na zama hedimasta, na aje aiki, kuma na daɗe da daina sa ran wani ofis zai amsa takardar talaka. Shi ya sa na buɗe wagga takarda ga jama'a, ko idon mutane zai motsa abin da roƙo bai motsa ba.

Makon jiya na ji ka a rediyo. An tambaye ka dalilin da ya hana masu yin kayan kiɗa neman rumfa bana, ka ce mutanen gabas ba su waye da kasuwancin zamani ba, kuma sana'ar ma mutuwa take yi. Ba ta mutu ba, ranka ya daɗe. Abin da ke riƙe da ranta a ƙasarmu yana rataye a bangon ofishinku, kusa da agogo, kuma don shi nake wanga rubutu.

Mai abin sunansa Ila, masassaƙi ne daga Kurawa, ɗan kawuna ne, taubashina. Aikinsa sassaƙar kangon kalangu, wato iccen da ake ɗaure wa fata. Ya gaji wani tsohon kango daga kakansa, baƙi ƙirin don shan hannu, babu ado ko ɗaya a jikinsa. A gidansu "uwa" suke ce mata. Duk lokacin da zai yi sabon kalangu, sai ya jingine uwar gefensa, ya ƙwanƙwasa ta da ƙashin yatsa, ya ƙwanƙwasa sabon, ya kankare ɗan icce daga ciki, ya sake ƙwanƙwasawa. Haka zai yi ta yi kwana da kwanaki har muryoyin biyu su zama ɗaya. Na sha zama zaurensa ina kallo. Ni tun ranar farko iri ɗaya nake jin su, shi kuwa sai ya ce alli ne ya toshe mini kunne.

Amma akwai ranar da ko ni na ji. Da la'asar ne, ya ƙwanƙwasa sabon kango, sai uwar da ke jingine, ba wanda ya taɓa ta, ta amsa da wani siririn gunji daga cikinta. Na san littafi yana da suna ga wanga abu, na ma koyar da shi a aji, amma sanin sunan bai rage mini komai ba daga abin da na ji. Icce ne da anka sare tun kafin a haifi ubanninmu, ga shi yana gaisawa da iccen da anka sare bara. Ila bai ko ɗaga kai ba. Ya aje gizago ya ce a miƙo masa buta.

Saboda wagga uwa, kalangan mahauta a kasuwar Sabon Birni, da na bukukuwan ƙauyukan Alkalawa, da waɗanda fatake sunka ƙetara da su Nijar, duk murya ɗaya gare su. Wani ɗan kasuwa ya taɓa gaya mini yana tsakiyar cinikin albasa a Maraɗi ya ji kiɗa daga bayan rumfuna, ya bar cinikin ya bi sautin, don ya tabbata kiɗan gida ne. Da ya tambayi makaɗin, kangon daga Kurawa yake.

Bara, bayan girbi, kunka gayyaci masu sana'a. Ila ya tafi, na raka shi don in karanta masa abin da anka rubuta da Turanci. Ga abin da munka tarar, ga kuma amsar tambayar da anka yi maka.

Na ɗaya, hanya. Ka san halin da hanyarmu take ciki, ba sai na fayyace ba. Mota cike, kowa baki na motsi da addu'a, Ila rungume da buhun kalangai bisa cinya tun daga Sabon Birni. Mutum ba ya bin wagga hanya sai don abin da ya kai. Da munka iso ba wanda ya tambaye mu yadda munka zo.

Na biyu, wurin da kunka aje mu. Hagunmu masu sayar da janareto, suna tada shi don masu saye su gani. Damanmu wani kamfani da lasifika mai tsawon mutum, tun safe har magariba. Mai atamfa ido yake sayar wa kaya, mai kilishi harshe. Ila kunne yake sayar wa, kunka kai shi inda mutum ba ya jin tarin kansa. Mai saye na gaskiya guda ne ya zo, wani dattijon makaɗi, kuma sai da sunka fita bayan shinge, can wajen masu fitsari, kafin ya iya jin abin da zai saya. Da sunka dawo masu gadi sunka ce sai Ila ya yanki tikitin shiga, ga rumfarsa ana hango ta. Ranar da kuwa ya gaji ya kama kalangu ya buga da ƙarfi, wani jami'inku mai kati a wuya ya zo ya ce kiɗa yana damun maƙwabta. Ila ya dubi lasifikar, ya dube ni, ya ce, "Ɗan boko, fassara mani, ni ban gane Hausar birni ba."

Na uku, rana da gaggawa. Tamfol ɗinku zafi yake tarawa. Mai goge da ke kusa da mu, mutumin Isa, yana zaune fatar gogensa mafi kyau ta tsage da kanta, ya naɗe kayansa tun ba a rufe taro ba. Jama'a kuwa wucewa suke yi, a ɗauki hoto, a ce a rage, a wuce. Ba haka ake sayen kalangu ba. Mai saye gida yake zuwa, ya sauka, ya ci tuwo, ya yi waƙa Ila ya ji muryarsa, ya duba faɗin tafinsa da ƙarfin hammatarsa, sannan ya san iccen da zai dace da shi. Yanzu ma da hanya ta ɓaci, makaɗan Nijar waƙa suke aiko masa ta waya, fatake su kai musu kayan. Wanda ke da irin waɗannan masu saye, me zai kai shi ƙarƙashin tamfol?

Duk waɗannan da an haƙura. Na huɗun ne ya kori mutane.

Ila ba ya miƙa kalangu ga mai saye sai ya ƙwanƙwasa shi gefen uwar, mai sayen ya ji da kunnensa cewa ɗiyanta ne. Haka ubansa ya yi, shi ya sa Ila ya ɗauko ta zuwa birni. Ba ta sayarwa ba ce, ba ta cikin kayan nuni, a ƙarƙashin tebur take cikin tsumma. Ranar rufewa alƙalanku sunka zagayo da babban baƙo. Ɗayansu ya hango ta, ya ce wagga ita ce tsohuwar sana'a ta asali, ya nemi a miƙo. A ƙasarmu in babba ya nemi ya riƙa abinka, ba ka hana shi, kuma shi ma ya san zai mayar. Ila ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Anka tafa, anka ce ta zo ta ɗaya, anka ba shi satifiket, anka wuce da ita. Yana tsaye bakin rumfa yana jiran a maido har anka fara kwance tamfol. Sannan ne wani ya gaya mana wai duk abin da ya ci gasa na kwamiti ne. Ba wanda ya faɗi haka kafin a karɓa.

Tun daga ranar Ila bai gama kango ko ɗaya ba. Gumagumen iccen alilliba suna nan zaurensa, ya gyara bayansu, ya fafe cikinsu rabi, ya tsaya. Na ce masa ai ya san muryar kamar ta mahaifiyarsa, ya ƙarasa da ka. Ya ce kunnensa yana tsufa, ita ba ta tsufa, kuma ba zai fitar da abin da bai tabbata ba da sunan kakansa. Labarin ya bi kasuwanni. Masu gurmi, masu goge, masu ganga, kowa ya ji cewa a baje kolinku abin da ya fi kyau shi ake ƙwacewa, a ba ka takarda. Ba rashin wayewa ya hana su zuwa ba. Sun ji, sun fahimta, sun zauna gida.

Na sha zuwa ofishinku, kullum kana taro. Zuwan ƙarshe na ga uwar, an ɗaura mata igiya an rataye. Masinjanku, mutumin kirki, ya ba ni ruwa, ya gaya mini cikin murna cewa an kira kafinta zai goge ta da sanfefa, ya shafa mata banish ta yi ƙyalli, ya kafa mata farantin tagulla mai sunan kwamiti kafin buɗe taron bana. Ranka ya daɗe, sai na aje ruwan ban sha ba. Muryar tana cikin kaurin iccen ne. Abin da Ila ke kankarewa don daidaita sabo bai kai ɓawon albasa ba. Sanfefa zai ci fiye da haka, banish zai toshe jikinta, ƙusa za ta tsaga ta. In anka yi haka, babu mai rai da zai iya maido abin da anka kashe.

Don haka ga roƙona.

Ka tsayar da kafintan nan yau, tun kafin ka gama karanta sauran.

Ka sa a mayar wa Ila kayansa. Satifiket ɗinku yana nan lafiya, za ni kawo shi da hannuna. Ila ya ce zai sassaƙa muku wani kangon kyauta, mai zane da kyan gani, wanda zai sha banish yadda kuke so, tunda bango ba ya saurare.

In kuna son masu kayan kiɗa su dawo, ku ba su inuwar itatuwa nesa da injuna, ku bar su su buga abin da sunka zo sayarwa, kuma kada a sake ɗaukar abin kowa sai an tambaye shi a fili ya yarda.

In kuwa da gaske akwai dokar da ta hana uwar fita ofishinku, to ga abin da Ila ya ce in roƙa, ni da kaina da ban roƙe shi ba don takaici. Ku ba shi izini ya zo da kangunan da ya bari rabi. A sauko da ita daga bango, a kashe na'urar sanyi da talabijin na yini guda, a bar shi ya zauna ƙasa ya yi aikinsa. Tsoho mai furfura ya yarda ya sake bin wagga hanya don ya ziyarci kayan gadonsa kamar mai kai gaisuwa gidan yari. Abu ɗaya kawai ya ce in tambayar masa: ko masu gadinku za su bar shi ya shiga da gizago?

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka sauke nauyin jama'a lafiya, Ya tsare maka abin da ka gada daga iyayenka, kada ya faɗa hannun wanda bai san shi ba. Allah Ya maido mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.

Wassalamu alaikum.

Naka cikin girmamawa,
Malam Sanda Tozai,
tsohon hedimasta, Isa.