Makulli a Cikin Kwando

Napoli, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Nunziata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da iyalinki a can Ajantina, ya kuma sassauta miki ciwon bayan nan. Mu nan ƙalau muke. Matata Filomena tana nan da bakinta, gwiwoyina kuwa kullum sai sun yi mini ƙorafin matakalar gidan nan, hawa huɗu, kamar ni na gina ta.

Akwai wata jita-jita da na ɓoye miki shekara biyu. Carmela mai kifi ce ta fara kawo mini ita, wai ta ga ƙanenmu Aniello a layinmu, cikin baƙin nan da manyan jiragen yawon shaƙatawa suke saukewa da safe su kwashe da yamma. Wai duk shekara yakan zo ya tsaya daura da gidanmu yana kallon baranda, sannan ya koma jirgi. Na ce mata wadda take ganin kifin shekaranjiya a matsayin na yau, ba idonta zan bi ba. Sai Gaetano mai aski ya maimaita mini, reza tana wuyana, don haka ban yi gardama ba, amma ban yarda ba. Kin san dalili. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ya bi jirgi Mama tana kwance, ta rasu bai dawo ba, na rubuta masa cewa gidan nan ba shi da ƙofar da za ta buɗe masa. Ni na rubuta, ke kika sa hannu a ƙarƙashin nawa. Magana zarar bunu.

Talatar da ta wuce Carmela ta ƙwala mini kira daga titi, wai jirgin mutumin nawa ya iso, ƙarfe biyar zai tashi. Na ce ina ruwana. Na zauna, na tashi, na sha kofi, na sake zama. Filomena ta ce, tsoho, ko ka fita ko ka bar kujerar nan ta huta. Na ce mata zan je sayen maganin gwiwa. Ta ce in gaida mata maganin.

Na isa tashar jiragen ruwa na tarar da mutane kamar fari, kowa da malafa da lamba manne a ƙirji, suna bin wata mata mai ɗage laima. Na bi wannan garke, na bar shi na bi wancan. Na je babbar majami'a inda Mama take kai mu, na zaga kasuwar kifi, na bi bakin teku har inda mu da shi muke faɗawa ruwa muna yara. Na cafke hannun rigar wani dattijo, ashe Bajamushe ne, matarsa ta rungume jakarta tana hararata. Sai da rana ta raba na gane wautata: tun safe saurayi mai baƙin gashi nake nema. Ko kafaɗa muka goga ba zan san shi ba.

Uku da rabi na dawo gida, ƙafa kamar ba tawa ba. Filomena ta ce ya maganin? Na zube a kujera. Ta ce to in zura kwandon nan namu mai igiya zuwa titi, ga mai burodi can yana kira. Na zura daga baranda, mai burodi ya sa nasa ya wuce. Zan ja ke nan sai na ji an fizgi igiyar sau biyu, aka dakata, aka ƙara ɗaya. Nunziata, kin tuna? Haka Mama ta koya mana don ta san ɗanta ne a ƙasa. Mu uku kaɗai muka rage a duniya da muka san wannan. Na leƙa, sai ga wani tsoho mai sanƙo, malafa a hannu, lamba a ƙirji. Ina can ina auna tituna, shi yana nan gindin gida.

Na jawo kwandon. A ƙarƙashin burodi ga wasiƙarmu, ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Filomena ta miƙe. Ta zare makullin ƙofar titi daga jikin ƙusa ta jefa a kwando, ta kalle ni. Na zura. Ya ɗauka ya riƙe, amma bai matso kusa da ƙofar ba. To, zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta lalace. Na sauka. Da ya gan ni ya ce, Yaya, ka shige ƙasa, duk ka gajarce. Na ce kai kuma gashinka wane jirgi ya bi? Dariyar ba ta gama fita ba jiniyar jirgi ta busa.

Na raka shi tasha a ƙafa. Ya ce a Kanada yake, matarsa ta rasu, ga adireshinsa. Muka yi ta zancen banza, wane ya mutu, wane shago aka rufe. Sai a bakin shingen tasha ya tambaya ko Mama ta kira sunansa. Na ce ta kira. Ya gyaɗa kai ya shige, makullin yana aljihunsa. Bai ce zai dawo ba, ni kuma bakina bai iya tambaya ba. Tun ranar, duk takun da na ji a matakala sai na miƙe.

Ga abin da ya sa na rubuto. Hannu biyu ne a wasiƙar can, na janye nawa, saura naki, kuma ina jin nakin ne ya tsayar da shi a waje. Adireshinsa yana bayan takardar nan. Kada ki jira sai ciwon baya ya lafa, dukkanmu rana ta yi mana yamma.

Ki gaida mijinki Vittorio, da Rosaria da 'ya'yanta, da Michele. Filomena tana gaishe ki. In kuma kin ce yayanki ya tsufa ya koma yawo da jita-jita, to ga silsilarta. Carmela ce ta fara, Gaetano ya ƙara. Wanda ya faɗa mini a ƙarshe kuwa ya ce ba shekara biyu ba ne, shida ne, kuma da bakinsa ya faɗa, a bakin ƙofar gidan ubanmu: Aniello.

Yayanki,
Sabatino