Mai Riƙe Mini Katako

Litinin, 15 ga Afrilu 2024

Ƙofar da na yi wa ƴata Nafisa ta dawo. Bisa amalanke ta dawo, rana tsaka, duk unguwa na kallo. Wai ba ta rufuwa, ƙasanta ya karkace da santi uku. Ƴar cikina ta kira ni a telefon tana dariya: "Baba, kaji na shigo mana ta ƙasa." Shekara talatin ina aikin kuran, wato wutar lantarki, a Tchirozérine ba a taɓa maido mini aiki ba, sai yanzu da na dawo gida na kama aikin katako.

Ba zartona ba ne, ba hannuna ba ne. Hassane ne. Tagwaye muke, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, hannu guda gare shi. Shi ke riƙe mini katako ina yanka. Katako na rawa, layi na gudu. In na daka masa tsawa sai ya dube ni ya ce, "Ja." Ita ce kalmar da ke fita masa sarai. Ja, ja! Me zan ja, katako na yawo?

Mashin ɗin zarto zan saya, mai tabul. Na gaji, wallahi.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na je wurin Bahago maƙeri. Shi ke haɗa nasa da moter ɗin pampo da tabul ɗin ƙarfe. Haƙoran zarton tsirara, ba murfi, ba komai. Ya tada shi, ƙasa ta ɗauki rawa, wata akuya ta tsinke igiya. Yana ta yabon abinsa yana nuna mini da hannu, ni ko yatsunsa nake ƙirgawa. Takwas. Na ce ina sauran? Ya ce, "Wancan tsohon ne, wannan ba ya cizo."

Allah ya ba ka haƙuri, Bahago. Ina son yatsuna.

Asabar, 20 ga Afrilu

Shagon Ilyas, mai kawo kaya daga Tamanrasset. Biyu gare shi, duka da murfi bisa haƙora. Babba da ƙarami.

Babban, kai! Tabul mai faɗi, da wani hannu na ƙarfe a baya da ke tare katako in ya wuce. Na shafa shi, raina ya biya. Ƙaramin kuwa tabul ɗinsa bai fi faifai biyu ba. Ilyas da kansa ya ce in katako ya kai metir biyu sai ya rinjaya ya faɗi ta baya, dole wani ya tsaya ya tarbe shi. To mene ne amfaninsa? Abin da nake gudu ke nan.

Babban nake so. Sai in zai shiga zaurenmu.

Talata, 23 ga Afrilu

Ba kuran tun safe. Zafi kamar a bakin murhu. Na auna zaure sau uku. Zai shiga in an kwance ƙafafu. Matata Kadidia ta ce ita dai kar ƙurar katako ta sauka mata kan cukun madara da take shanyawa. Kowa da abin da ya dame shi a gidan nan, ba mai tambayar nawa.

Laraba, 24 ga Afrilu

Ilyas ya zo ganin wurin da za a kafa babban mashin ɗin. Bakinsa ba ya hutawa. Hassane na zaune kan bencinsa gindin bango, da tsohuwar rigarsa ta direba, wadda yake sawa kullum in za mu yi aiki. Ilyas ya gaishe shi, ya juyo gare ni da murya kamar mai shela:

"Baba Ousseini, da wannan ba ka bukatar kowa. *Tout seul!* Ba mai riƙe maka, ba mai ɓata maka layi."

Ni kuma, bakina da ba ya jin magana, na ce, "Abin da nake nema ke nan."

Hassane ya jawo sandarsa ya shige ɗaki. Na ɗauka zafi ne.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Bai fito ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ko masallaci bai je ba. Wai jikinsa. Furar da aka kai masa ta dawo yadda ta tafi. Na leƙa, ya ba bango fuska. Rigar na rataye a ƙusa.

Kadidia ta tare ni a tsakar gida. "Malam, ka manta wata ukun da ya yi haka bayan an sallamo shi daga likita? Me ya tashe shi?" Na ce magani. Ta ce, "Magani? Kai ne ka leƙa ka ce ya zo ya riƙe maka katako." Na ce to sai in yi ta yin ƙofofi karkatattu har in mutu? Ta ce ita ba ta ce ba, ta koma kan cukunta.

Haushi ya cika ni. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kai babbar mota Séguédine yana dawowa, ko rairayi bai taɓa kwantar da shi ba, shi ne maganar ɗan kasuwa za ta kwantar? Ai ba ni na faɗa ba. To, na faɗa. Amma ba haka nake nufi ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na danne katako da bulo huɗu na yanka ni kaɗai. Layi ya fita sak, kamar an ja da zare. Tun da na fara aikin nan ban taɓa yin mai kyansa ba.

Na tsaya ina kallonsa. Ba wanda ya ce mini ja. Na jefar da zarton, har ya karya haƙori biyu. Tir da wannan rana.

Litinin, 29 ga Afrilu

Na koma wurin Ilyas. Na sa ya tada mini ƙaramin, na tsaya ta bayansa na auna da taku. In katako dogo ne, mai tarba yana nesa da haƙora fiye da metir guda. Hannu ɗaya ya isa, ba ƙarfi ake so ba, tallabewa ce kawai. Layin kuma mashin ke riƙe da shi, ba mutum ba.

Ilyas ya yi ta haba Baba, haba Baba, babban fa? Na ce babban na shan kuran da yawa, wayoyin gidana ba za su ɗauka ba. Ya ce ai duka ɗaya suke sha. Na ce yaro, shekara talatin na yi a kuran, kai za ka gaya mini?

Ɗaya suke sha ɗin.

Alhamis, 2 ga Mayu

An kawo shi jiya. Na ce wa Kadidia saboda wayoyi ne na ɗauki ƙaramin. Ta ce ita ba ta tambaye ni ba.

Da hantsi na kafa shi daidai tagar Hassane, don can ne inuwa take. Na tura katakon ƙofar Nafisa, ya rinjaya ya faɗi ƙasa, rim. Na ɗaga murya: "Wannan wane irin banzan mashin ne! Ba dama mutum ya yi aiki shi kaɗai!" Na sake, ya sake faɗi. Sau uku. Na lalata katako mai kyau, Allah ya gani.

A na huɗu na ji ƙarar sanda. Ya sa rigar, maɓallan a karkace. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na tura masa bencinsa da ƙafa zuwa inda na ja layi a ƙasa. Ya zauna, ya miƙa hannunsa mai lafiya, ya buɗe tafi. Bakinsa ya daɗe yana kokawa, na ɗauka ja zai ce.

Ya ce, "Turo."

Ƙurar katakon nan na shiga ido ƙwarai. Sai na nemi tabarau.