Baƙin Mai a Ƙoƙon Gimbiya

Asabar, 5 ga Agusta, 2023

Alhamdu lillahi. Yau na leƙa ƙoƙon shukata Gimbiya, wato ramin tsakiyar ganyenta inda ruwa ke taruwa, na ga ya fara ja. Fure na tafe. Shekara shida ina jira. Ni na haɗa iyayenta da hannuna: da gashin zabo na ɗebi garin furen Ekmiya, wata dangin abarba, mai ratsin baƙi na shafa wa mai ruwan toka, kuma cikin irin da ya tsiro ita kaɗai ta rayu. Babu irinta ko'ina. Ni kaina ban san launin da za ta fitar ba, ga shi dangin abarba sau ɗaya suke fure a rayuwarsu.

Na kira ƙawata Hasiya a Kawo, tunda ita ma ciwonmu ɗaya. Ta ce, "Zuwaira, in ta buɗe ki turo hoto, masu odar fure daga Legas su ga aikin hannu." A gidan nan kuwa sunan shukokina abarbar Mama da ba a sha.

Laraba, 9 ga Agusta

Jikata Humaira ta sake kwanciya. Zazzaɓin cizon sauro, karo na uku a daminar nan. An ba ta gado a asibiti. Na tsorata da na ga idanunta.

Uwarta Sa'adiya ta dawo ɗaukar kaya, ta durƙusa ta ce, "Mama, likita ya tambaya ko muna da ruwa kwance a gida." Tana faɗa tana satar kallon rumfar shukokina. Na ce ta je ta duba kwatar bayan gida, wadda rabin Unguwar Sarki ke zuba wa shara. Duk Juma'a nake juye ƙoƙon shukokina in sa sabon ruwan sama, don kada sauro ya yi ƙwai. Wa ya taɓa tambayata?

Alhamis, 10 ga Agusta

Baban Humaira bai ce komai ba. Da ma yaushe muke magana? Ɗana ne na fari, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, kuma daga yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa Zariya. Tun da mahaifinsa ya rasu ya dawo gidan nan da iyalinsa, tsakaninmu sai gaisuwa. Saura duk ta bakin Sa'adiya. Haka na taras ana yi, haka na yi.

Na dai gan shi tsaye bakin rumfa ya rungume hannu, kamar duba-gari.

Lahadi, 13 ga Agusta

Zan je Zariya ta'aziyya. Kwana ɗaya.

Litinin, 14 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun daga zaure na ji warin gareji. Na shiga rumfa da mayafina a ka. Kowace shuka, babba da ƙarama, an bi ta an tsiyaya mata baƙin mai a ƙoƙo, irin wanda ake juyewa daga injin mota. Ko ɗaya ba a tsallake ba. Aiki a tsanake, irin na ma'aikacin gwamnati. Gimbiya da yake ƙoƙonta ya fi faɗi, ita aka fi cikawa.

Sa'adiya na bayana tana gaya mini cewa aikin mijinta ne. Wai a ofishinsu aka ba shi shawara, wai haka ake yi wa kwata, mai ya rufe ruwa 'ya'yan sauro su mutu. Wai ya ce gara haka da ya tumɓuke su, don kada raina ya ɓaci. Ka ji adalci. Bai san cewa waɗannan ta ƙoƙo suke sha ba, saiwarsu ta riƙe ƙasa ce kawai. A baki ya ɗura musu.

Ban yi kuka a gabanta ba. Na tuɓe mayafi, na yi ta juye su ina ɗaurayewa da ruwan randa har la'asar ta kusa kuɓuce mini. Man ya riga ya kwana.

Da ya dawo aiki ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce, "Sannu da hanya." Na ce yauwa. Shi ke nan abin da na iya ce wa mutumin da ya kashe mini shekara shida.

Laraba, 16 ga Agusta

An sallamo Humaira, har ta ci tuwo. Na gode wa Allah da zuciya ɗaya. Abin da ke ci mini rai, yanzu za a ce baƙin mai ne ya yi magani.

Juma'a, 18 ga Agusta

Na taɓa ganyen tsakiyar Gimbiya, ya biyo hannuna. Ya ruɓe, yana wari. A gindinsa ga furen nan ɗan mitsitsi, bai kai kan yatsa ba, ya zama baƙi. Na kai shi rana ina jujjuyawa ko zan gane launin da ya so ya yi. Ban gane ba.

Na tone gefenta ko ta bar ɗa. Babu.

Talata, 22 ga Agusta

Fiye da rabi sun tafi. Niyorajiliya masu jan ciki duk sun bi ta. Waɗancan ana samunsu a wajen mutane, ba su nake wa takaici ba.

Sa'adiya ta kawo saƙo: "Ya ce a ba ki haƙuri, Mama." Na ce mutumin da ya iya ɗaukar galan ya zagaye rumfa, bakinsa ne ya yi masa nauyi? Ta sunkuyar da kai. Na san ba laifinta ba ne, amma ita ce a kusa.

Na daina cin abincin tukunyarsu. Ina dafa 'yar taliyata a ɗaki.

Asabar, 26 ga Agusta

Hasiya ta zo. Na ɗauka jaje ta kawo, ashe wa'azi ne. Ta ga tukwanen da na kife, ta yi salati, sai kuma ta ce, "Amma ke ma, Zuwaira, kin taɓa zaunar da yaron nan kin nuna masa yadda abin yake? Ni da nake Kawo na san ranar da kike canza ruwa, shi da ke cikin gidan bai sani ba." Na ce yaushe aka fara zama hira da ɗan fari? Ta ce, "To ga ribar kunya nan kin kife a tukwane. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ban raka ta ƙofa ba. Ita da 'ya'yanta suke kiranta da suna kamar ƙawarsu, me ta sani.

Alhamis, 31 ga Agusta

Ruwa tun safe. Randunan da nake tara wa shukoki sun cika suna zuba, babu mai sha.

Lahadi, 3 ga Satumba

Na buɗe ƙofa na ga abu a bakin rumfa. Shukar Guzmaniya ce mai jan kai, irin wadda masu fure na bakin titi ke sayar wa otal, cikin baƙar leda, an danƙara mata jar laka. Sa'adiya ce daga baya ta ce jiya mijinta ya yini yana zagaya gari da hoton Gimbiya a wayarsa, hoton da ita ta taɓa ɗauka, yana tambaya ko akwai irinta.

Irinta. An kashe maka doki an kawo maka akuya. Ko taɓa ta ban yi ba.

Alhamis, 7 ga Satumba

Kullum kafin ya fita ofis sai ya zo da buta, da takalminsa mai sheƙi, ya tsuguna ya kwarara mata ruwan famfo a cikin lakar nan har ya kwanta. Ƙoƙon kuwa ya bar shi a bushe ƙayau, tsoro yake ji. Ina kallonsa ta taga. Ya ajiye ta inda ranar yamma ke duka, bakin ganyen ya fara ƙonewa. A haka ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Ba ruwana. Ya kashe tasa ma ya ji yadda ake ji.

Da ya tsuguna na lura furfura ta fito masa a ƙeya. Ban san yaushe ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Ba wani abu. Yau ma ya zo da butarsa, ni kuma da ma zan fita shanya. Na ce, "Ba a nan ake zuba mata ba." Ya ɗago a firgice, har buta ta kusa faɗuwa. Na ce ya ɗebo na randa, ya zuba a tsakiya, ranar Juma'a ya juye ya sa sabo. Ya ce, "Duk Juma'a?" Na ce duk Juma'a, shekara da shekaru. Ya daɗe yana kallon tukwanen da ke kife.

Laka ba ta yi mata ba, don haka na sa shi ya farfasa gawayi da ɓawon kwakwa. Bai iya ba, duk ya ɓata rigarsa. Ya tambayi wace tukunya za a sa ta. Na duba, duk sauran sun yi mata kaɗan.

Na ce ya ɗauko ta Gimbiya, ya wanke ta da kyau.