Murad da Waƙar Teku

Iskandariyya, 1934

Ɗana Abdulbari,

Ina gaishe ka. Yaya Zakiyya da yara? Saniyar ta haihu kuwa? Ni lafiya lau, sai dai gwiwa, ɗakin nan danshi gare shi. A aiko min da dabino.

Ka turo ni in riƙa dafa wa ɗanka Murad abinci har ya gama karatu. Ina dafawa, ba ya ci. Ya faɗa cikin samari masu sabuwar waƙa. Ba sa yabon kowa, zancensu farin wata, busasshen fure, da jirgin ruwa marar matuƙi. Na ce, "Jirgin wa?" Ya ce, "Ni ne jirgin, Kaka." Na ce, "To jirgi, ci wake."

Jiya ya karanta wa abokansa wata waƙarsa. Kowane baiti sai ya ja ƙarshensa, yana nanata kalma ɗaya kamar ruwa na dukan dutse. Suka yi ta tafi. Ni kuwa na gane karin. Da wannan karin muka yi kukan ubanka, Murad kuma sunan kansa ya sa a ciki.

Kullum la'asar yana tsaye bakin teku. Yau da safe ya tambaye ni, yana murmushi, yadda matan garinmu ke kukan wanda ruwa ya ci ba a ga gawa ba. Na ce na manta. Ban manta ba.

Bar girbin nan, ka hau jirgin ƙasa. Allah ya kawo ka da wuri.

Uwarka,
Nabawiyya